Zaɓen Kyamara da Lens don Aikin Bidiyo a Legas

Duk matashin da ya tara 'yan kuɗinsa ya nufi Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba don sayen kyamarar bidiyo, tambaya ɗaya ce a bakinsa: wacce ce ta fi? Mai shago kuwa amsarsa a shirye take, zai nuna masa yawan megafiksel da tambarin 4K a jikin kwali. Alhali hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato megafiksel 8.3 kacal. Sony FX3 da a7S III da manyan masu aiki ke rububi, megafiksel 12 gare su, ƙasa da na wayoyi da yawa da ke aljihun mutane. Wannan lamba ba ta da wani abin kirki da za ta gaya wa mai ɗaukar bidiyo. Abin da ke raba kyamarar da za ta ciyar da mai ita da wadda za ta kunyata shi a bainar jama'a shi ne irin aikin da za a sa ta, da yanayin garin da za ta yi aikin: wutar lantarkinsa, zafinsa, laimarsa, da tsawon tarukansa.

Ayyukan da ke zuwa hannun ɗan Arewa mai kyamara a Legas sanannu ne. Akwai biki a Agege ko Idi-Araba, tun daga kamu da ɗaurin aure har dina. Akwai tafsirin azumi da wa'azi da maulidi. Akwai taron ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Mile 12, ga tallan yadi da turare da takalma don Instagram da TikTok, ga hira ta zaune don YouTube. Kowanne da abin da yake nema a wajen kyamara, kuma wadda ta yi fice a wani kan faɗi warwas a wani.

Tsawon ɗauka da zafi

A ɗauki tafsiri. Malam zai zauna awa ɗaya da rabi ko biyu, kuma babu mai cewa "Allah gafarta Malam, a maimaita ayar, kyamara ta tsaya." Amma kyamarori da yawa da suka cika kasuwar tokunbo, wato ta kayan hannu, irin su Canon 80D, 90D, 5D Mark IV, EOS R6 ta farko, da Sony a7 III da a6500, suna yanke ɗauka da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59. Ba lalacewa ba ce. Asalinsa dokar kwastan ce ta Tarayyar Turai, wadda ta ɗora haraji mafi yawa a kan na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye, sai kamfanoni suka rage daƙiƙa ɗaya don su kauce masa. Sony a6400 ta 2019 da Panasonic GH5 ta 2017 ba su da wannan iyaka, haka ma akasarin waɗanda suka fito daga baya.

Sai zafi, wanda ya fi iyakar minti 30 haɗari domin ba ya sanar da lokacinsa. Ɗaukar 4K na sa injin ciki aiki tuƙuru, jikin kyamarar kuma ƙarami ne, ba inda zafin zai fita. Canon R5 ta yi ƙaurin suna a kan haka lokacin da ta fito a 2020. A ƙarƙashin rumfar biki da azahar, a watan Maris, kyamarar da ta yi awa guda lafiya a ɗaki mai sanyi za ta iya mutuwa tun kafin a gama siga. Masu fanka a ciki, kamar Sony FX30 da FX3 da Panasonic S5 II, su ne suka warware matsalar daga tushe. Wanda tasa ba ta da fanka ya buɗe allon kallo ya nisanta shi da jikin kyamara, ya kare ta daga rana da lema, ya sauko daga 4K zuwa 1080 idan taron mai tsawo ne. Masu Sony su shiga saiti su mayar da Auto Power OFF Temp zuwa High.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, wanda yawancin aikinsa wa'azi ne da taro, kamkoda ta fi masa amfani. Irin su Sony PXW-Z90 da Canon XA suna zuwa da zum mai nisa wanda ake ja a hankali da maɓalli, da ramukan XLR na sauti, da batir mai jimiri. Ba za su dusashe bayan mutum kamar a fim ba, amma mai kallon tafsiri fuskar malam yake so ya gani tar, ya ji muryarsa ba tangarɗa.

Girman sensa

Sensa ita ce farantin da haske ke sauka a kai, kuma girma uku ne suka fi yawa a hannun mutane. Ful-firam milimita 36 ce da 24. APS-C kusan 23.5 da 15.6. Ta Micro Four Thirds, wadda ke cikin GH5, 17.3 da 13. Faɗin ful-firam ya ninka na APS-C sau biyu da ɗoriya, don haka takan fi ta tsabtar hoto a duhu da kamar mataki ɗaya na haske. Bambanci ne na gaske, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma ana biyansa sau biyu: a kuɗin jiki, sannan a kuɗin kowane lens da za a saya daga baya.

Abin da ya fi shafar aikin yau da kullum shi ne yadda ƙaramar sensa ke matse hoto. Lambar lens ana ninka ta da 1.5 a APS-C ta Sony da Nikon da Fujifilm, da 1.6 a ta Canon, da 2 a Micro Four Thirds. Lens mai 50mm a kan Canon 90D zai nuna abin da 80mm ke nunawa a ful-firam. Mutum ya saye shi don ya ji ana yabonsa, ya shiga ɗakin amarya, ya ja da baya har ya jingina da bango, amma ƙawaye uku ba su shiga hoto ba. Wasu kyamarorin ma suna ƙara wata matsar idan an kunna 4K. Canon M50 na yin haka, kuma a 4K ɗin tana ajiye ingantaccen fokas ɗinta na Dual Pixel ta koma mai lalube. 5D Mark IV na matsewa kusan sau 1.7. Sony a7 IV kan koma girman APS-C a 4K mai firam 50, wato hoto 50 a daƙiƙa. Wannan ba a jikin kwali ake ganinsa ba, sai an kunna an gwada.

Wutar Najeriya da lambar 50

A nan ne aka fi asarar aiki, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Fitilun da ke kan wutarmu, musamman dogon ƙwai da LED masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, sensa na gani. Shota ita ce tsawon lokacin da sensa ke kwasar haske don kowane firam. Idan shota tana kan 1/50 na daƙiƙa, kowane firam zai kwashi ƙyaftawa biyu cif. A 1/100 zai kwashi ɗaya cif. Hasken ya zama daidai ke nan daga firam zuwa firam. Amma a 1/60 firam zai kwashi ɗaya da ɓari, ɓarin kuma yana sauyawa, sai hoto ya riƙa walƙiya ko baƙaƙen layuka su riƙa gangarowa daga sama zuwa ƙasa.

Yawancin kyamarorin da aka shigo da su daga Amurka a kan tsarin NTSC suke zuwa, mai firam 24 da 30 da 60. Aikin farko bayan saye shi ne a mayar da ita PAL, mai 25 da 50 da 100. A kwashe abin da ke kan kati tukuna, domin wasu na Sony sukan nemi a goge katin idan an sauya. Daga nan ƙa'idar mai sauƙi ce: shota ta zama ninkin yawan firam. Firam 25, shota 1/50. Firam 50, shota 1/100. Hakan ke ba motsi ɗan laushin da ido ya saba da shi. Shota mai gudu kamar 1/1000 tana sa hannun mai magana ya riƙa tsinkewa, tafiyar mutum ta zama kamar yana tsalle-tsalle.

Mai son rage gudun shigowar amarya ya ɗauka a firam 50, ya saka a aikin 25, zai samu rabin gudu mai santsi. Firam 100 kuwa na buƙatar shota 1/200, wadda ta fi ƙyaftawar fitila sauri, don haka a cikin hol walƙiya za ta dawo. A bar ta sai a waje cikin hasken rana.

Janareta na ƙara dagula lissafi. Ƙaramin inji idan kaya sun yi masa yawa gudunsa na hawa da sauka, ba ya tsayawa a 50 daidai, sai a ga 'yar walƙiya ko da an saita komai. Maganinsa shi ne kyamara mai barin a matsa shota da kaɗan-kaɗan, abin da Panasonic ke kira Synchro Scan, Sony kuma Variable Shutter. Ana juyawa ana kallon allo har layukan su tsaya. Haka ake yi wa manyan allunan LED da ake kafawa bayan kujerar ango da amarya. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka koma inji, a sake dubawa. Idan za a haɗa da hoton waya, a tuna waya kan 30 take zuwa. A iPhone akwai wurin kunna tsarin PAL a saitin kyamara don a samu 25, kuma yin hakan tun farko ya fi a zo tacewa ana fama da hoto mai sarƙewa.

Lens, inda ya kamata kuɗi su zauna

Jikin kyamara kan tsufa cikin 'yan shekaru, lens mai kyau kuwa yakan yi wa jiki biyu ko uku hidima. Sigma 18-35mm f/1.8 tun 2013 ya fito, har yau ana neman sa. Saboda haka wanda kuɗinsa ba su da yawa, gara ya sayi matsakaicin jiki da lens na kirki, da ya sayi babban jiki ya maƙala masa wanda aka ba shi kyauta.

Matsalar lens ɗin da ke zuwa cikin kwali, irin 18-55mm f/3.5-5.6, tana cikin lambobin nan biyu na ƙarshe. Lambar f na nuna faɗin ƙofar haske, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin matakan shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane mataki na rage haske da rabi. Wannan lens idan yana 18mm ƙofarsa f/3.5 ce, da an ja shi zuwa 55mm ta tsuke zuwa f/5.6, hasken ya ragu da fiye da rabi ana tsakiyar ɗauka. A hol mai duhu hoton zai yi baƙi, ko kyamara ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, da kanta ya cika da yashi-yashi. Abin nema shi ne zum mai lamba ɗaya. A APS-C akwai Sigma 18-50mm f/2.8 da Tamron 17-70mm f/2.8, na biyun yana da abin hana rawa a ciki. A ful-firam akwai Tamron 28-75mm f/2.8, ko 24-105mm f/4 ga mai son nisa. Ɗaya daga cikinsu zai ɗauki kusan duk wani biki. Bayansa a ƙara guda marar zum mai f/1.8, 35mm ko 50mm, don dare da hira. Mai aikin masallaci da babban taro, wanda ba zai iya ratsa sahu ya matso ba, shi ke buƙatar 70-200mm.

Sai a yi hattara da son dusashe baya, domin ya zama yayi har ana wuce gona da iri. Lens mai 50mm a f/1.8 a kan ful-firam, mutum na nesa da mita 2, zurfin wurin da zai fito tar bai wuce santimita 17 ba. Mai 85mm a wannan nisan, kusan santimita 6. Ango ya ɗan sunkuya ya gaisa da surukinsa, ya fita daga fokas. Mutum biyu a tsaye, ɗaya ya ɗan fi matsowa, ɗayan ya dusashe. A f/4, mai 50mm ɗin nan zai ba da kusan santimita 38, kuma bayan bai fasa laushi ba. Ga mutum ɗaya a zaune f/2 ko f/2.8 ya yi, ga rukuni a tsaya tsakanin f/4 da f/5.6. Kada kuma a kusanto fuska da lens mai faɗi irin 16mm, yana kumbura hanci ya ja kunnuwa baya. Amfaninsa shi ne matsattsen shago, inda ake son kaya su fito daga ƙasa har rufi.

Fokas mai bin fuska da ido, na Sony da na Canon, ya kai a dogara da shi a mafi yawan lokuta. GH5 da sauran Panasonic da suka riga S5 II sukan yi lalube, bayan hoto ya riƙa numfashi. Kyamarorin Blackmagic Pocket na 4K da 6K ba sa bin mutum da kansu ko kaɗan, da hannu ake juyawa. Kuma ko mafi ƙwarewar fokas yana ruɗewa a filin rawa, inda masu liƙi ke giftawa. A nan a rage saurin sauyawarsa a saiti, ko a taɓa fuskar da ake so a allo a kulle. A hira ta zaune, a saita da hannu a bar shi.

Kafin a biya kuɗin lens a tabbatar bakinsa ya dace da na kyamara. Tsoffin lens na Canon EF sun yi yawa a kasuwa, suna aiki sumul a kan sabbin kyamarorin Canon masu bakin RF da adaftar Canon, suna kuma hawa Sony da adafta irin Sigma MC-11, sai dai fokas ɗin bidiyo kan ragu. Bakin EF-M na M50 kuwa Canon ta daina ci gaba da shi, wanda ya tara lens a kansa ba zai iya ɗora su a kan RF ba.

Abu ɗaya da sabon shiga kan manta shi ne filtar ND, baƙin gilashin da ake ɗaurawa a gaban lens. Tunda shota ta tsaya a 1/50, ba a da damar rage hasken rana da ita. Ga lissafin: da tsakar rana, ISO 100 da shota 1/100 na buƙatar kusan f/16. Komawa 1/50 ya ƙara mataki ɗaya, buɗe ƙofa zuwa f/2.8 ya ƙara biyar, shida ke nan, wato ND64. Mai ɗauka da log, tsarin launin da bayaninsa ke tafe, a ISO 800 ya ƙara uku, tara ke nan. ND8 mataki uku take ragewa, ND1000 kusan goma. Mai juyawa ta fi sauƙi a biki, amma araha ba ta ado: ta banza tana sauya launi zuwa kore, kuma idan an murɗa ta ƙarshe sai baƙar alamar X ta fito a tsakiyar hoto. A sayi babba guda, 77mm ko 82mm, da zobban da za su ɗora ta a kan ƙananan lens.

Farar shadda da baƙar fata

Wannan jarrabawa ce da mai ɗaukar bikin Hausawa ke fuskanta kullum. Ango da abokansa sun sha farar shadda mai ƙyalli, fuska kuma baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Idan aka bar kyamara ta auna da kanta, farin zai ruɗe ta, ta rage haske, fuska ta nutse. Idan aka buɗe don fuska, rigar ta ƙone, aikin da aka yi mata a wuya ya ɓace. A koma saitin hannu, a kunna zebra, wato layukan da ke bayyana a allo inda haske ya yi yawa, a kan 95 zuwa 100, a buɗe haske har layukan su fara bayyana a kafaɗar riga, sannan a ja baya kaɗan. Idan fuska ba ta fito ba, haske za a ƙara mata, ba ISO ba. A matsar da mutane inuwa su fuskanci inda haske ke shigowa, ko a sa faifan mayar da haske. A cikin ɗaki, fitilar LED ɗaya mai wat 60 zuwa 100 da lemar tausasa haske, a gefe kaɗan sama da ido, tana gyara hoto fiye da sauya kyamara.

A nan ne 10-bit ke nuna amfaninsa. Hoton 8-bit matakai 256 gare shi a kowane launi, na 10-bit 1024. Log, irin S-Log3 da C-Log da V-Log, yana matse haske da duhu wuri ɗaya don a buɗe su wajen tacewa, kuma yana ceton riga da fuska tare. Amma idan aka yi shi a kyamarar 8-bit kamar a6400 ko ZV-E10 ta farko, da an ja launi sai bango da sararin sama su rabu layi-layi, fata ta yi dabbare-dabbare. Mai 8-bit ya tsaya a launin da aka saba, ya ɗan rage kaifin bambancin haske, ya daidaita komai tun a wurin. Log ma ba dole ba ne ga aikin da ake jira gobe da safe.

Launin fari, wato saitin white balance, kada a bar shi a kan oto, domin fitilun hol masu shuɗi da ja za su sa shi yawo. Rana 5600K, ƙwai mai ruwan ɗorawa 3200K, inda suka gauraya a auna da farar takarda a daidai wurin da mutane za su tsaya. Game da ISO, wasu kyamarori tushe biyu gare su, wato lambobi biyu da hoto ya fi tsabta a kansu: FX30 a log 800 da 2500, FX3 800 da 12800, Blackmagic Pocket 4K 400 da 3200. A FX30, 2500 ya fi 2000 tsabta, don haka idan an kusa tushe na biyu a haye kansa kawai. Hula mai ƙananan zane da yadi mai siraran layuka kan haifar da wani kalar bakan gizo mai rawa, musamman a 1080 na tsoffin DSLR. Matsawa gaba ko baya kaɗan na kashe shi.

Kati, batir da sauti

Ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa na cin gigabait 45 a awa, katin 128 zai yi kusan awa biyu da minti 50. A megabit 400, gigabait 180 ne a awa. Lambar V a jikin kati saurin rubutunsa take nunawa: katin V30 ya isa na farko, na biyun sai V60 ko V90. Jabun kati sun yi yawa, sukan nuna 128 alhali cikinsu bai kai ba, kuma sai an cika su ake gane fayilolin sun lalace. A gwada kowane sabon kati a kwamfuta da manhajar H2testw kafin a kai shi aiki. Kyamara mai ramin kati biyu a sa ta rubuta a duka lokaci guda, kuma kada a goge kati sai aikin ya zauna a wuri biyu. A duba ƙarfin kwamfuta ma, domin fayil ɗin H.265 mai 10-bit na durƙusar da tsohuwar laftof sai an yi masa ƙananan kwafi na tacewa. Fa'idar 4K ta zahiri ita ce ana iya yanko hoton tsaye na TikTok daga na kwance ba tare da ya dusashe ba.

Ƙaramin batir NP-FW50 na a6400 ba ya jimiri, NP-FZ100 ya fi shi nesa ba kusa ba, Blackmagic Pocket 4K kuwa ba ta cika kai awa guda a LP-E6 ba. Don dogon zama a yi amfani da fawa-bank ta USB-C idan kyamarar na karɓa, ko batirin gangan mai waya da ake jonawa da babban batir. Kada a jona kyamara kai tsaye da wutar inji ba tare da batir a tsakani ba, ɗaukewar wuta na iya lalata fayil ɗin da ake kan rubutawa.

Makirfon jikin kyamara amsa-kuwwar hol kawai yake kwasowa. A maƙala wa mai magana ƙaramin makirfo marar waya irin na Rode ko DJI, ko a jona rikoda irin Zoom H5 da miksar mai sauti. Abin da ke fitowa daga miksa ya fi ƙarfin ramin makirfo, in ba a saita ramin a kan Line ba murya za ta fashe. A bar ƙololuwar sauti wajen -12 a ma'aunin sauti, a sa abin ji a kunne tun daga farko har ƙarshe.

Laima da kayan tokunbo

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato ƙura ya sani, amma a Legas laima ce abokiyar gaba. Lens da aka bari cikin jaka a ƙarƙashin gado daga Afrilu zuwa Yuli zai iya yin funfuna a ciki, wasu siraran zare kamar saƙar gizo, waɗanda in sun daɗe sukan ci rufin gilashin har abada. A ajiye kaya a akwatin busarwa mai wuta, laimarsa tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Wanda bai da shi ya samu roba mai rufewa ruf, ya zuba silika mai sauya launi, ya sa ƙaramin ma'aunin laima, ya riƙa busar da silikar idan ta jiƙe. Bayan aiki a bakin ruwa, Lekki ko Badagry, a goge jiki da ƙyalle mai ɗan danshi saboda gishiri. Fitowa daga mota ko hol mai sanyi zuwa waje na sa gilashi ya yi gumi. A bar kyamara cikin jakarta a rufe minti 15 zuwa 20 ta ɗauki ɗumin waje, kuma kada a cire lens a wannan lokaci.

Wannan laimar ce ta sa sayen tokunbo ke buƙatar natsuwa. A je da kati da cikakken batir da tocila. A cire lens, a buɗe ƙofarsa, a haska tocila ta baya a duba ta gaba: 'yar ƙura ba komai, amma zare-zare ko hazo a ajiye shi. A duba ganyen ƙofar haske, kada a ga maiƙo a jikinsu. A juya zum da fokas a ji ko akwai inda ke cijewa. A ɗauki farin bango a f/16 don ganin tabon sensa, sannan a rufe murfi a ɗaga ISO a ɗauki duhu, ɗigon ja ko shuɗi da bai motsi alamar mataccen fiksel ne. Ƙidayar shota da masu shago ke nunawa hotuna kawai take lissafawa, kyamara za ta iya yin dubban awoyi na bidiyo lambar tana ƙasa. Shaidar wahalarta tana ramin HDMI da na USB da na makirfo: a jona waya a girgiza a hankali, in hoto ko sauti ya yanke, ramin ya saki. A dubi kan sukurori, in sun ci rauni an taɓa buɗe ta. Daga ƙarshe a kunna 4K a bar ta tana ɗauka minti 30 a nan cikin shagon, a kalli fayil ɗin, sannan a sa lambar jikin kyamara da ta lens a rasit tare da kwanakin da aka amince za a iya dawo da kaya.